Turancin Soja a Ƙauyen Tuffa

Duk wanda ya zauna da Pyo Dal-su na tsawon shan kofin shayi ɗaya ya san ya taɓa aiki da sojan Amurka. Abin da ba ya faɗi shi ne aikin na wata bakwai ne, a ɗakin girki, kuma firar dankali ne daga farkonsa har ƙarshensa. An yi shekara arba'in da wannan, amma wata bakwai ɗin ba su daina girma a bakinsa ba. Da fari shekara ɗaya ce. Da ya aurar da 'yarsa Hye-ran ta zama uku. Yanzu da furfura ta cinye masa kai, har ya fara tuno wani janar da ba ya iya yanke shawara sai ya leƙo ɗakin girki ya ji ta bakinsa.

Mutanen Solgol ba sa musu da shi. Manoman tuffa ne, gida talatin da 'yan kai a kan gangaren dutse, kuma wanda ya wuni hannunsa a sama yana tsinkar 'ya'yan itace ba ya da sauran ƙarfin gardama da yamma.

A wata kaka sai tuffar Solgol ta ci lambar zinariya a gasar lardi. Daga gonar Dal-su ta fito, wato daga hannun matarsa Ok-bun, don ita ke sassabe, ita ke rage furanni, ita ke bin kowace tuffa tana juya ta don rana ta taɓa ta ko'ina. Shi aikinsa sa ido ne daga inuwa. Amma shi ya hau dandamali ya karɓi lambar, shi ne kuma a hoton jarida, ita ana ganin gefen kafaɗarta.

Bayan mako guda shugaban ƙungiyar manoma, Eom Chun-bae, ya tara jama'a a zauren ƙauye ya karanta musu wasiƙa. Wata 'yar kasuwa daga Singafo, Madam Chandran, ta ji labarin lambar, za ta zo ranar Asabar ta makon sama ta ɗanɗana. In tuffar ta yi mata, za ta riƙa kwashe amfanin ƙauyen har shekara biyar. Ƙanƙara ta ɓata musu gonaki shekara biyu a jere, matasa sun watse birni, gida huɗu sun riga sun sare itatuwansu sun shuka barkono. Kowa ya san abin da shekara biyar ke nufi.

Shugaba ya ce matsala ɗaya ce, matar ba ta jin yarensu, sai Turanci. Tak mai gyaran tarakta ya ce ai wannan ba matsala ba ce, ga surukar shugaba nan. Kowa ya waiwaya ya dubi Marites, 'yar ƙasar Filifin da ta auri ɗan Chun-bae shekara goma sha biyu da suka wuce, wadda ake kira Maman Jun-ho. Tana zaune a baya tana ɓare gyaɗa. Kafin ta buɗe baki Dal-su ya miƙe.

"Shugaba, ba raini ba. Maman Jun-ho yarinya ce mai hankali, kimcinta ma, jiƙaƙƙen kabejin nan namu mai yaji, ya fara kama hanya. Amma Turancinta na tsibiri ne. Nawa daga bakin masu shi na ɗebo shi, da zafinsa."

"A ɗakin girki," in ji Tak.

"A ina kake so a samu abu da zafinsa?"

Chun-bae ya sosa ƙeya. Dal-su ya girme shi da aji biyu a firamare, kuma abin da aka ƙulla a firamare ba ya kwancewa don mutum ya zama shugaba. Ya ce to, Yaya Dal-su ya riƙe maganar Turanci, Maman Jun-ho ta riƙe shayi. Marites ta ce to, Baba, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Da ya koma gida Dal-su ya sauko da ƙamus daga saman kabad, ya hure ƙura, ya baje a kan teburin cin abinci. Shirinsa babba ne. Za a yi ƙyallen maraba mai tsawon taku goma sha biyu. Za a liƙa wa kowace tuffa 'yar takarda. Manyan ƙauye za su rataya sunan yabo a ƙirji. A bakin ƙauye kuma za a gina ƙofar nasara, irin wadda sarakunan Turawa ke bi ta ƙarƙashinta in sun dawo daga yaƙi.

Ya nemi kalmar gamsuwa, don yana so baƙuwar ta san mutanen Solgol sun gamsu da aikinsu. Ƙamus ya ba shi huɗu a jere: content, satisfied, smug, complacent. Akwai ƙananan rubutu a ƙarƙashin kowace, amma tabaraunsa na cikin mota, kuma a ra'ayinsa ƙananan rubutu na ɗalibai ne. Ya sa yatsa ya ƙirga haruffa. Ta ƙarshen ta fi kowace tsawo, goma cif.

Ya bayyana wa Ok-bun, wadda ke yanka kabeji ba ta tambaye shi ba, cewa a Turanci gwargwadon tsawon kalma gwargwadon girmamawa. Don haka complacent za ta hau ƙyallen maraba. Smug gajera ce, daidai goshin tuffa. Ya nemi alfahari ya samu proud, boastful, conceited. Ya ware wa shugaba mafi tsawo, ta tsakiya ya ba Gwaggo Bong, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ƙauyen, ya yar da ta farkon don ta yi gajarta da yawa. Da ya zo kan nasara sai ya tarar da tagwaye, triumphant da triumphal. Ya daɗe yana dubansu. Daga ƙarshe ya bar wa ƙofar mai harafi goma, shi ya ɗauki mai tara, tunda ƙofar za ta fi shi tsawo. Wannan shi ne tawali'u ɗaya da ya yi a cikin makon, kuma sai da ya ba mutum uku labarinsa.

"Baban Hye-ran, ka nuna wa Maman Jun-ho?" in ji Ok-bun.

"Likita yana kai wa mai sayar da magani aikinsa ya duba masa?"

"In likitan dankali ne, yana kaiwa."

Washegari Dal-su ya kai rubutun wurin mai buga takardu a gari.

Ranar da kayan suka iso, mata na rumfar tattara tuffa suna ware masu kyau. Marites ta ɗauki 'yar takarda ɗaya mai zanen tuffa tana murmushi, ta karanta, ta ajiye, ta sake ɗauka. Sannan aka warware ƙyallen a ƙasa, ga shi da jan rubutu: COMPLACENT FARMERS WELCOME YOU. Ta tsaya a kansa kamar mai duba kabari.

"Kawu, me kake so wannan ya ce?"

"Manoma masu gamsuwa suna miki maraba."

"Abin da ya ce shi ne, manoman da suka ci sau ɗaya suka miƙe ƙafa. Waɗanda suka daina feshi, suka daina duba tsutsa, don a ganinsu sun gama."

"Ƙamus ya ce gamsuwa."

"Gamsuwa ce, Kawu. Ruwan sha da ruwan wanke-wanke ma duk ruwa ne."

Ta ɗaga 'yar takardar tuffa ta ce ita kuma wannan smug ana faɗinta ne ga mutumin da ya ci ka, ya tsaya yana kallonka da wani murmushi mai sa hannunka ƙaiƙayi. In gamsuwa mai kyau yake nema ga satisfied nan, in alfahari mai kyau ne ga proud. Tagwayen nasara kuma ya yi musu musanya, ta mutum ya ba ƙofa, ta ƙofa ya rataya wa kansa. Ta ƙara da cewa in zai ba da labarin gasa ya kula da kalmar beat, don in bai ambaci gasar ba, duka ne kawai na hannu.

Dal-su ya saurara har ta gama, yana gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibi ya yi ƙoƙari amma bai kai ba. Ya ce wannan duk Turancin littafi ne. A cikin soja ba a tsayawa tsinke gashin kalma. Janar ɗinsa sau nawa yana dafa shi yana ce masa, Pyo, kai mutum ne complacent.

"Wannan na yarda ya faɗa," in ji Marites.

Matan rumfar ba su gane ba, amma sun ga fuskarta, suka yi dariya a kan amana.

Da yamma Marites ta gaya wa surukinta. Chun-bae ya riƙe cokali a sama ya daɗe. Ya ce an riga an buga, kuma Yaya Dal-su ne, kuma ƙila matar ba za ta tsaya karatu ba tunda tuffa ta zo ci. Marites ta ce to, Baba, ta ƙara masa miya.

Daga ranar Litinin Dal-su ya karɓe lasifikar ƙauye, wadda ake sanar da mutuwa da zuwan taki da ita. Ƙarfe shida na safe zai yi gyaran murya sau uku, ya fara darasi. Ya faɗi kalma, ya yi shiru don ƙauye ya maimaita, sannan ya ce bai ji na gidan Tak ba. Karnuka ne suka fi kowa halarta. Gwaggo Bong, wadda kunnenta ɗaya ya yi ritaya, ta ɗauka sunan sabon maganin ƙwari ake sanarwa, ta aika a sayo mata kwalba biyu na kwampilasan.

Ranar Laraba aka wayi gari an yanke wayar lasifikar. Dal-su bai yi fushi ba. Ya ɗauki ƙamus ya bi gida gida, yana zama a bakin ƙofa har sai mai gida ya faɗi kalmar sau goma, in an kawo abinci kuma ya ci. Kafin rana ta take tsaka aka ga Tak a saman tsani yana haɗa wayar da hannunsa, ba wanda ya roƙe shi.

Ƙofar nasara ta ci kwana biyu ana gina ta. A saman gangare aka kafa ta, inda hanya ke shigowa ƙauye, ƙasa da ita kuma rafi ne. Tak ya ce a yi da akwatuna marasa komai. Dal-su ya ce baƙuwa ta zo ganin tuffa ne ko ganin katako? Aka jera akwati ashirin a dama, ashirin a hagu, kowane cike da zaɓaɓɓiyar tuffa mai takarda a goshi, aka gitta gora biyu a sama, aka ɗaure ƙyallen maraba da allon da ke cewa TRIUMPHANT. Kowane gida ya kawo nasa kason. Ok-bun kaɗai ta ce nata ba su gama nuna ba. Dal-su ya ce ai jiya ya ga ta tsinke su. Ta ce a ɗakin sanyi suke ƙarasa nuna, kuma makullin ya ɓace.

Tak ya ja baya ya dubi ginin, ya ce ya yi ƙasa. Dal-su ya shiga 'yar motarsa ya bi ta ƙarƙashi sau biyu, gaba da baya, ya fito ya nuna tazarar da hannu.

"In babbar mota ce fa?"

"Manyan mutane a baƙar ƙaramar mota suke zuwa. Ka taɓa ganin janar a akori-kura?"

"Ban taɓa ganin janar ba."

"To ka gani."

Asabar ƙarfe goma na safe ƙauyen ya jeru a gefen hanya. Shugaba na gaba da kwat, takardarsa a ƙirji tana cewa CONCEITED. Kwana uku ke nan yana yawo da ita don ta saba da shi, har ofishin gona na gunduma ya je da ita. Gwaggo Bong na kan kujera da tata. Dal-su ya sa farar safar hannu, ya rataya shuɗin ƙyalle daga kafaɗa zuwa ƙugu mai rubutun TRIUMPHAL da ruwan zinariya. Marites na can baya da butar shayi.

Motar da ta ɓullo daga kwana ba baƙa ba ce, ba kuma ƙarama ba. Doguwar farar bas ce ta ofishin gona, da ƙarfen ɗora kaya a samanta. Direban ya iso bakin ƙofar ya taka birki, ya leƙo da kai ya dubi sama, ya dubi Dal-su. Ya ce shi a ganinsa gara baƙuwa ta sauka a nan. Dal-su ya ce ba a gina ƙofar nasara don a zagaye ta ba. Ya shiga tsakiyar hanya yana ja da baya, yana kaɗa fararen hannuwa irin na mai saukar da jirgi.

Direban ya taho a hankali. Kan motar ya wuce. Gilashin ya wuce. Ƙarfen sama ya sami gora ya ɗauke ta, gora ta ja igiya, igiya ta ja akwatin sama na dama, shi kuma bai yarda ya tafi shi kaɗai ba.

Ba a ji wata babbar ƙara ba. Ginin ya ɗan sunkuya kamar mai gaisuwa, sannan ya zube. Tuffa ta cika hanya, ta bi gangare tana tsalle, ɗari bisa ɗari, kowace da 'yar takardarta mai murmushi, ta ratsa tsakanin ƙafafun mutane ta nufi rafi. Ƙyallen maraba ya sauko ya lulluɓe gaban motar. Akwati ɗaya ya kife a kan takalmin shugaba. Jama'a suka tsaya suna kallon amfanin gonarsu yana wucewa, ba wanda ya motsa, sai Gwaggo Bong da ta miƙa sanda ta tare guda ɗaya.

Ƙofar bas ta buɗe. Wata gajeriyar mata mai furfura ta sauko, da takalmin gudu da ɗan littafi a hannu. Ta zagaya gaban motar, ta ɗaga gefen ƙyallen, ta karanta shi daga farko har ƙarshe tana motsa leɓe. Ta duƙa ta ɗauki tuffa, ta karanta goshinta. Ta dubi ƙirjin shugaba. Chun-bae ya ga ana karanta shi, ya rusuna har ƙasa.

Dal-su ya tsallake akwatuna ya ƙame a gabanta ya sara mata irin ta soja. Ya ce mata welcome da ƙarfi. Ta amsa da doguwar magana mai sauri, wadda a cikinta ya kama kalma ɗaya tak, ita ce tasa, complacent. Tambayarsa take ko da gaske suke wannan abin da suka rubuta.

"Yes," in ji shi. "Very, very complacent."

Ta tambaye shi tun yaushe. Wannan ya gane. Ya ɗaga yatsu uku ya ce shekara talatin. Ta rubuta a littafinta. Ta tambaya sau nawa suke feshi, wa ke duba musu ƙwari. Bai kama ko ɗaya ba, amma ya lura fuskarta ta mai damuwa ce, sai ya kaɗa hannu don ya kwantar mata da hankali.

"No, no. Complacent."

Ta sake rubutawa, wannan karon ta ja layi a ƙarƙashi. Ya juyo ya gaya wa jama'a cewa magana na tafiya daidai, tana rubuta yabo.

Sai ta tambayi wanda ya noma tuffar da ta ci lamba, tana zana da'ira a ƙirjinta don ya fahimta. Dal-su ya so ya nuna kansa, amma ƙauyen gaba ɗaya na kallo, kuma yatsu sun riga sun nuna Ok-bun. Ya ce matarsa ce. Sannan ya ga bai kamata baƙuwa ta tafi da tunanin mace ta fi shi noma ba. Ya so ya ce a gasar cikin ƙauye shi ke kayar da ita kowace shekara, abin da ko a yarensu ƙarya ne. Ya buga ƙirji.

"But I beat her. Every year, I beat my wife."

Madam Chandran ta rufe littafinta. Ta dube shi tun daga farar safar hannu har takalmi. Ta wuce shi ta je wurin Ok-bun, ta kama hannuwanta biyu, tana duba fuskarta da wuyanta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta juya ta yi wa direba alama ya juya mota.

Ko wanda bai je makaranta ba ya san ma'anar juya mota. Chun-bae ya cire ƙafarsa daga ƙarƙashin akwati, ya waiwaya baya.

"Maman Jun-ho, 'yata. Ajiye butar nan."

Marites ta ajiye buta a kan dutse, ta goge hannu, ta taho ba gaggawa. Ok-bun ta tambaye ta me mutumin nan ya ce da har baƙuwa ke duba ta kamar akuyar sayarwa. Marites ta faɗa mata da muryar da kowa zai ji: ya ce duk shekara yana dukanta.

Ok-bun ta dubi mijinta, ta juya wurin Marites.

"Gaya mata ko bargo na ba shi ya kakkaɓe, sai na sake. Gaya mata shekara talatin da takwas muna tare, abu ɗaya da ya taɓa bugawa shi ne ƙirjinsa."

Marites ta juya maganar kalma da kalma, ta ƙara da bayanin ƙamus da ƙirgar haruffa da ɗakin girkin soja. Madam Chandran ta saurara fuska a ɗaure har aka zo kan ƙirgar haruffa. Nan ta nemi akwati ta zauna, ta rufe fuska da littafinta, kafaɗunta na girgiza. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago tana share ido, ta nuna ƙyallen kafaɗar Dal-su ta yi tambaya. Marites ta ce tana so ta sani ko shi ne ƙofar, tunda waccan ta faɗi.

Daga nan Marites ta bi layi tana cire wa mutane takardunsu, tana gaya wa kowa abin da ya rataya. Da ta gaya wa surukinta cewa tasa na nufin mai girman kai wanda yake ganin ba kamarsa, Chun-bae ya ce yanzu ya gane abin da ya sa yarinyar ofishin gona ta roƙi ta ɗauke shi hoto. Gwaggo Bong ta ji tata na nufin mai cika baki, ta dafe ta da hannu ta ce a bar mata, shekararta tamanin da ɗaya, ta isa.

Dal-su ya ce duk wannan bambancin lafazi ne tsakanin Amurka da Singafo. Ba wanda ya juyo.

Makullin ɗakin sanyi ya fito daga aljihun Ok-bun. Baƙuwar ta ci tuffa uku a tsaye, ta huɗun ta sa a jaka. Ta bi gonaki bakwai da ƙafa, tana juya ganye, tana duba littafin feshi na kowane gida, Marites na gefenta, shugaba na biye kamar ɗan rakiya. Aka ci abincin rana a zaure, shinkafa da gasasshen kifi da miyar waken soya. A nan ta faɗi hukuncinta. Tuffar ta yi mata. Amma ƙauyen da zai ɗora amfanin gonarsa a kan gora a bakin rafi ba za ta ɗaura shekara biyar da shi ba tukuna. Shekara ɗaya za ta gwada, in ta ga hankali a ƙara. Duk wasiƙa ta bi ta hannun Marites. Kuma kafin akwati ɗaya ya hau jirgi, a ɓare wa kowace tuffa takardar goshinta.

Shekara ɗaya ba biyar ba ce, amma ta fi barkono. Mutane suka tafa a hankali. Sannan suka tuna da tuffarsu, suka tuna da wanda ya sa aka jera ta, suka dubi inda yake zaune. Dal-su ya ajiye sandunan cin abinci ya ce bari ya je ya duba yanayin rafi.

Can bas ɗin ta same shi da za ta fita. Yana tsaye cikin ruwa har cinya, wando a naɗe, shuɗin ƙyallen ya jiƙe ya manne masa, yana kamo tuffa da ragar kamun kifi yana jefawa a kwando. Ruwan kaka ne mai sanyin ƙanƙara. Jama'a sun rako baƙuwa har bakin gadar rafin. Madam Chandran ta zuge gilashi ta leƙo, ta ɗaga masa hannu.

"Thank you, uncle. Take care."

Motar ta wuce. Dal-su ya miƙe, ya gyara ƙyallensa, ya ɗaga murya don na kan gada su ji. Ya ce sun dai ji da kunnensu. Take care, wato ka ɗauki ragama. Matar ta gane wanda ya san aiki, ta damƙa masa kula da harkar gaba ɗaya. Yana faɗa yana takowa zuwa gaɓa.

Shugaba ya juya wurin surukarsa. Ok-bun ta juya, Tak ya juya, ƙauyen gaba ɗaya ya juya.

"Maman Jun-ho, haka ta ce?"

Marites ta leƙa rafin. Tuffa ta taru ja wur a bayan kowane dutse, tun daga gindin gada har kwanar da ido ke iya gani.

"Kusan haka ne, Baba. Ta ce ya kula da na cikin ruwan."

"Duka?" in ji Dal-su, ƙafarsa ɗaya a kan gaɓa.

"Duka, Kawu. Kalmar gajera ce, amma haka take nufi."

Ok-bun ta miƙa masa kwando na biyu daga kan gada. Ya dubi kwandon, ya dubi jama'a, ya mayar da ƙafarsa cikin ruwa.